Hoton Abin da Ido Ba Ya Gani

 

Kwanakin baya na je biki Augie, muna zaune tsakar gida sai wata baiwar Allah mai juna biyu ta ja ni gefe. Ta ce an tura ta Argungu ta yi hoton ciki amma ta ƙi zuwa, don ta ji ana cewa wutar na'urar tana ƙona jariri. Ta ce, "Yaya, wai ta ina ma ƙarfe zai ga abin da ke cikin mutum ba a tsaga shi ba?" Tambayarta ce za mu yi magana a kai yau.

Kin taɓa yin magana a bakin rijiya muryarki ta dawo miki? To haka hoton mai ciki yake. Ɗan abin nan da ake shafa wa mai a ɗora miki a ciki, sauti yake aikawa, siriri ƙwarai wanda kunne ba ya ji. Sautin ya bugi ƙashi ko tsoka ya dawo, kwamfuta ta lissafa tsawon lokacin da ya yi kafin ya dawo, ta san nisan kowane abu, sannan ta zana shi a allo. Ba wuta a ciki, kuma ba irin hasken hoton ƙashi ba ne. Lissafi ne ya zama hoto.

Irin wannan lissafi shi ne sana'ar wata mata Ba'amurkiya mai suna Katie Bouman. An haife ta a 1989, ta tashi a jihar Indiana. Tun tana sakandare ta fara shiga binciken hotuna a jami'ar garinsu. Ta karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Michigan ta gama a 2011, ta wuce makarantar fasaha ta MIT inda ta samu digirin dakta a 2017. Tana can ta shiga ayarin masana da suka ɗaura niyyar ɗaukar hoton abin da ake kira baƙin rami.

Mene ne shi? Wuri ne a sararin sama da abu mai nauyin gaske ya dunƙule, yana jan duk abin da ya matso kusa, har haske in ya faɗa ba ya fitowa. Wanda suka nufa yana tsakiyar wani garken taurari da ake kira M87. Nauyinsa ya kai na rana sau biliyan 6 da rabi, kuma haske yakan yi shekara miliyan 55 kafin ya iso mu daga can. Saboda nisa, ganinsa daga nan kamar a ajiye lemo a kan wata ne a ce ki hango shi daga ƙofar ɗakinki. Madubin hangen da zai iya wannan aiki sai ya kai girman duniya, wa zai ƙera shi?

Sai suka yi dabara. A watan Afrilu na 2017 aka juya manyan na'urorin hange guda 8 a Hawai, Arizona, Meziko, Cile, Sifaniya da can ƙurewar kudancin duniya, duka suka yi aiki tare. Bayanan da suka tara sun yi yawan da ba a iya turawa ta intanet, sai a jirgin sama aka kwashi faya-fayan zuwa Amurka da Jamus. Duk da haka abin da aka samu guntu-guntu ne, giɓin ya fi yawa.

Ke mai ɗinkin hula za ki fi kowa gane matsalar. A ce an kawo miki hular da gara ta cinye, 'yan wurare kaɗan suka rage, aka ce ki maido da zanen. Za ki iya, don kin san yadda zane yake tafiya. Amma akwai haɗari: hannunki zai iya kai ki ga zanen da kika saba, alhali ba shi ne na asali ba. Aikin Katie shi ne koya wa kwamfuta cike giɓi, da kuma gano hanyar tabbatar da cewa ba son zuciyar masu aikin ta zana ba. Don haka a 2018 aka raba masanan gida 4, aka hana su nuna wa juna aikinsu na makonni. Da suka haɗu, kowane rukuni ya fito da abu iri ɗaya: zoben haske mai duhu a tsakiya.

Ranar 10 ga Afrilu, 2019 aka nuna wa duniya hoton. Hoton Katie ita ma ya bazu, ta rufe baki da hannu don murna, tana da shekara 29. Wasu suka ce ita kaɗai ta yi, wasu suka ce ba ta yi komai ba. Ita da kanta ta fito ta bayyana cewa aikin taron mutane ne, kuma gaskiyarta, masana sama da 200 ne. A shekarar ta fara koyarwa a Caltech, a 2022 kuma ayarin nasu ya fitar da hoton baƙin ramin da ke tsakiyar namu garken taurarin.

Za ki ce ina ruwan mai jinya da taurari? Ai lissafin ɗaya ne. Tun 1956 wani masanin taurari, Ronald Bracewell, ya fito da hanyar haɗa hoto daga awo da aka yi ta kusurwa daban-daban, kuma irin lissafin nan ne ke cikin na'urar CT da aka fara gwadawa a kan mara lafiya a Landan a 1971. Akwai kuma MRI, wadda ake kwantar da mutum cikinta ya daɗe ba motsi, abin da ke wahalar da yaro da mai jin ciwo. Cikin binciken Katie da ɗalibanta har da yadda za a rage awon a gama da wuri, kwamfuta ta cike sauran ba tare da ta ɓoye ciwo ko ta ƙirƙiro wanda babu ba.

Kada ki ce wannan sai Turawa. A Jami'ar Bayero ta Kano akwai Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id, masaniyar yanayin sararin sama. An yi mata aure tana shekara 18, sai da ta kai 29 ta shiga jami'a da 'ya'yanta, a 2015 kuma ta karɓi lambar yabo ta duniya da ake ba mata masana kimiyya.

Saboda haka uwargida, roƙona biyu ne. In an ce ki yi hoton ciki, ki yi wa maigida bayani ya kai ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi shi sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24, don a san watanninsa, a san ko tagwaye ne, a kuma ga matsala tun da sauran lokaci. Na biyu, in ɗiyarki ta zauna da littafin lissafi, ki ɗage mata tallar yamman nan ta gama aikinta tukuna.

Waccan baiwar Allah ta Augie kuwa ta je. Ta aiko mini da cewa tagwaye ne, an ce ta haihu a asibiti, kuma maigidan ya yarda. Allah ya sauke ta lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a gaida yara.