Wi-Fi ya kama, saƙo ya ƙi tafiya: inda matsalar take a masaukan baƙi daga Bebeji zuwa Doguwa

Duk wanda aiki ya taɓa kwanar da shi a kudancin Kano ya san wannan abin haushi: waya ta nuna ta haɗu da Wi-Fi ɗin masauki, alamar ta cika taf, amma ko saƙon WhatsApp ya ƙi tafiya. Masu sauka a yankin suna da yawa. Akwai masu zuwa Makarantar Horar da Lauyoyi da ke Bagauda, da ma'aikatan madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, da 'yan kasuwar hatsi masu bi ta Kwanar Dangora a Kiru su nufi Tudun Wada da Doguwa. Wasunsu sai sun shiga kwamfutar ofis daga nesa, wasu kuma kyamarar shagonsu na Kano suke son leƙawa. Dare ɗaya babu intanet na iya jawo asarar ciniki.

Abin da ya kamata baƙo ya fara sani shi ne, cikar alamar Wi-Fi ba ita ce intanet ba. Alamar tana nuna ƙarfin haɗin waya da rauta ne kawai. Daga rauta zuwa duniya wata tafiya ce daban, kuma a wajen birni rautar kan dogara ne da layin waya irin na MTN ko Airtel. Don haka gyara yana farawa da gano gaɓar da ta tsinke.

Gwajin farko

Baƙo ya kashe datarsa, ya bar Wi-Fi kaɗai, sannan ya gwada da wayar wani. Idan duka wayoyin sun ƙi, ba laifin wayarsa ba ne. Ko datar rautar ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, musamman wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai inda tsaunuka ke tare sigina. Nan sai a yi wa mai kula da masauki magana ya duba data, ya kashe rautar ya kunna, ko ya matsar da ita kusa da taga. Idan an ɗauke wuta aka tayar da janareta, a ba rautar 'yan mintuna ta dawo hayyacinta.

Idan wayar wani tana aiki

To matsalar tana hannun baƙo. Wasu masaukai suna da shafin shiga da ke neman lambar ɗaki ko kalmar sirri, kuma sau da yawa shafin ba ya buɗewa da kansa. A buɗe burauza a rubuta neverssl.com, shafin zai fito. In ya ƙi, a kashe VPN tukuna, a kuma kashe saitin Private DNS, wanda ya zo tun Android 9 a 2018, domin yana hana rauta karkatar da waya zuwa shafin. A duba kwanan wata da agogo, saboda idan suka kauce, shafuka masu tsaro ba sa buɗewa. Daga nan a sa wayar ta manta da Wi-Fi ɗin a sake haɗawa. Wanda ɗakinsa ke nesa ya zaɓi zangon 2.4, ya fi zangon 5 ratsa bango, duk da bai kai shi gudu ba.

Intanet na aiki, ofis ya ƙi buɗewa

Wannan ce ta fi rikita mutane. Dalili na farko shi ne karon adireshi. Rautoci da yawa suna raba lambobin da suka fara da 192.168.0 ko 192.168.1. Idan masauki da ofis suna amfani da jeri ɗaya, kwamfuta sai ta riƙa neman na'urar ofis a cikin masaukin, kamar mai neman gidan Fagge a Tudun Wada don lambar ƙofa ta zo ɗaya. Mafita mafi sauri ita ce hotsifot ɗin waya, wanda yakan ba da wani jeri daban.

Na biyu, wasu masaukai suna toshe ƙofofin da VPN ke bi, kamar 1194 ta OpenVPN da 51820 ta WireGuard. Idan manhajar ta ba da dama, a koma TCP ta ƙofa 443, wadda shafukan intanet ke bi, don da wuya a toshe ta.

Na uku kuma a can shago yake. Kamfanonin waya suna haɗa dubban mutane a adireshi ɗaya, saboda haka ba a iya ƙwanƙwasa rautar da ke kan layin waya kai tsaye daga waje. Maganin shi ne manhajar kamfanin kyamarar, ko AnyDesk da Tailscale, waɗanda ɓangarorin biyu ke fita su haɗu. Amma dole a saita su tun kafin a bar gida.

Kada gyara ya zama ɓarna

A tambayi ainihin sunan Wi-Fi daga bakin ma'aikaci, domin ɗan damfara na iya buɗe mai irin sunan. Shafin shiga da ya nemi lambar katin banki ko BVN, a rufe shi nan take. Harkar kuɗi a yi ta da datar waya, ko da lambobin banki na dannawa waɗanda ba sa buƙatar intanet.

Kafin a kama hanya, a gwada shiga ofis ta hotsifot, a riƙe layuka biyu na kamfanoni daban, a cika fawa bank. Minti goma na wannan shiri a Kano ya fi dare guda ana kai-komo tsakanin ɗaki da teburin karɓar baƙi.