Tsakanin Tamowa da Teɓa: Wa Zai Mayar da Yaranmu Filin Wasa?

Duk wanda ya tsaya a kasuwar Talata Mafara ya ce zai yi wa jama'a gargaɗi kan ƙibar yara, kallon baƙo za a yi masa, kuma da gaskiyar masu kallon. Damuwar uwa a Bakura ko Maradun ita ce yaro ya ci ya ƙoshi. Likitocin ƙungiyar MSF sun daɗe suna kwantar da yara masu tamowa a asibitocin Zamfara, har da na Talata Mafara, kuma a gwajin da suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024 sun tarar cewa cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya na fama da ita. A irin wannan wuri, yaron da ya yi ɓul-ɓul abin alfahari ne, shaida ce cewa gidansu akwai tuwo.

Sai dai likitoci sun gano wani abu da ya haɗa tamowa da teɓa a igiya guda. Wani likita ɗan Ingila, David Barker, ya bi tsofaffin rajistar haihuwa a shekarun 1980, ya ga cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya idan sun manyanta. Binciken da ya biyo baya ya ƙara da hawan jini da ciwon suga. Dalilin kuwa shi ne, jikin da ya ɗanɗani yunwa tun a ciki ko a goye yakan saba da tattali. Ba ya gina tsoka da yawa, kuma duk abin da ya samu sai ya adana. Ranar da wadata ta zo, ko da wadatar lemon kwalba ce da biskit da taliyar leda, sai kitse ya taru a tumbi, sinadarin insulin ya kasa riƙe sukarin jini yadda ya kamata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin ƙananan yaran Arewa maso Yamma sun tsumbure. Ke nan yaran da muke ceto daga tamowa yau, su ne a sahun gaba na masu ciwon suga nan da shekara talatin, in ba a gina musu jiki ba. A duniya ma lissafin ya riga ya juya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa sama da miliyan 390 masu shekara 5 zuwa 19 nauyinsu ya wuce kima, wato kashi 20 cikin ɗari, alhali a 1990 kashi 8 ne kacal.

Tsoka ita ce babbar mai shanye sukarin jini, kuma ba a sayenta a kemis. Gudu da tsalle da kokawa ke gina ta, su ne kuma ke ƙarfafa ƙashi tun yaro na tasowa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla sa'a guda kullum yana motsa jiki har ya yi haki.

A da babu mai lissafa wa yaran wannan yanki sa'a. Dandali na nan da farin wata, ana langa da ɓoyo, 'yan mata na gaɗa da carafke. Da kaka ta yi, sai kokawa da dambe. Yaro na bin awaki zuwa bakin gulbi, yana korar tsuntsaye a gonakin shinkafar Bakolori, yana tafiya makaranta a ƙasa. Rashin tsaro ya cinye kusan duk wannan. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka afka wa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya ta Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar. Uban da ya ga haka ba zai bar ɗansa a dandali bayan magariba ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Iyalan da suka gudo daga ƙauyuka suka cunkushe a gari, yaransu ba gona ba kiwo. Su kuma 'ya'yan masu hali suna ɗaki da waya a hannu. Hanyoyinsu daban ne, amma dukansu a zaune suka ƙare.

A nan ne labarin wani gari a Amurka yake da abin koya mana. A 1939, a Williamsport da ke jihar Pennsylvania, wani talakan ma'aikaci mai suna Carl Stotz ya ga yaran danginsa ba su da tsarin wasa na kansu. Sai ya rage faɗin filin besbol, wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda a ruga a zagaya fili, ya daidaita shi da ƙafar yaro. Ya bi 'yan kasuwar garin har uku suka yarda suka ba da dala 30 kowannensu, aka kafa ƙungiyoyi uku. Abin da ake kira Little League ke nan, wanda yau ake bugawa a ƙasashe da dama, har yaran Yuganda suka je gasarsa ta duniya a 2012.

Ba besbol nake so a kawo Maradun ba. Kayansa da tsada, kuma rabin lokacin wasan yaro a tsaye yake yana jiran ƙwallo ta zo wajensa. Langa ta fi shi fitar da gumi nesa ba kusa ba: yaro ya riƙe ƙafa ɗaya, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa yana kare kansa, cinya da baya da numfashi duk suna aiki, kuma ko sisi ba a kashe ba. Ta ma samu shiga gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa. Abin ɗauka daga Stotz shi ne tsari. Babban mutum amintacce wanda iyaye suka sani, lokaci tsayayye, fili sananne, da wata doka da na fi ƙauna a cikin dokokin Little League: duk yaron da aka rubuta sunansa dole ne ya shiga fili a kowane wasa, gwani ne ko ba gwani ba.

Wannan doka ita ce ta ɓace a ƙwallon unguwanninmu. Kocin unguwa, Allah Ya saka masa, yakan sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsa, amma idonsa na kan kofi, yana mafarkin fitar da wani Ahmed Musa. Sai ya zaɓi goma sha ɗaya masu zafin nama, sauran su zauna bakin layi suna gadin takalma. Mai teɓa a tura shi gola ana yi masa dariya, siriri mai saurin gajiya a ce ya je ya ɗebo ruwa. Waɗannan biyun kuwa su suka fi kowa bukatar filin. Gyaran ba shi da wuya. A raba yara biyar-biyar a ƙananan filaye maimakon a tara su a babba, kowa zai taɓa ƙwallo, kowa zai yi gudu. A daina hukunta yaro da tsallen kwaɗo ko zagayen fili, domin wanda aka hora da gudu zai tashi yana ƙin gudu. A yi atisaye bayan la'asar ko da sanyin safiya, a ajiye ruwan sha, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Akwai sharaɗin da kocin Amurka bai cika tunaninsa ba, namu kuwa dole ya sa shi a gaba: kada a sa yaro gudu da yunwa. Ya kamata koci ya san wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba. Yaron da ke yawan jiri, ko idonsa ya yi fari, ko ƙafarsa ta kumbura, asibiti ya kamata a kai shi kafin fili. Idan attajirin unguwa zai taimaka, kofin kunun gyaɗa ko fura da nono, ko awara da dafaffen dankali bayan atisaye, ya fi riguna masu hoton ɗan siyasa amfani. Ya kuma fi katan ɗin lemon kwalba da ake rabawa ranar wasan ƙarshe, wanda sukari ne zalla, har gwamnatin tarayya ta ɗora masa harajin naira 10 kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021.

'Yan mata su aka fi mantawa. Da yarinya ta fara girma sai wasa ya ƙare mata, alhali jikinta ne zai ɗauki ciki ya yi naƙuda nan gaba. Ba sai an saɓa wa al'ada ko addini ba. Makarantar boko ko Islamiyya mai katanga, da malama mace, da igiyar tsalle da ƙwallon hannu, sun wadatar.

Katanga kuwa ita ce gaɓar da ta fi ƙarfin koci. Iyaye ba za su saki yara ba sai sun ga fili a cikin gari, kewaye, da masu tsaro da suka yarda da su. Ƙananan hukumomin Bakura da Talata Mafara da Maradun ba su rasa manya ba. Ahmad Sani Yarima ɗan Bakura ne, Abdul'aziz Yari ɗan Talata Mafara, Bello Matawalle ɗan Maradun, kuma su ukun sun yi mulkin Zamfara shekara ashirin a tsakaninsu tun daga 1999. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, ana ta gyaran azuzuwa. Ya dace a sa filin wasa cikin lissafin gyaran, a hana yanka filayen makarantu ana gina shaguna, a kuma buɗe su ga yaran unguwa da yamma, har da almajirai da 'ya'yan 'yan gudun hijira waɗanda sunansu ba ya cikin rajistar kowace makaranta.