Mannewar Magani da Furotin a Cikin Jini da Tasirinta ga Daɗewarsa a Jiki

Idan magani ya shiga jini, ba dukansa ne ke yawo a sake ba. Wani kaso nasa yakan manne da furotin ɗin da ke cikin ruwan jini, musamman wanda ake kira albumin. Hanta ce ke yin albumin, kuma lafiyayyen mutum yana da giram 35 zuwa 50 a kowace lita ta ruwan jininsa. Ke nan magani yakan kasu gida biyu, ɗaurarre da sakakke. Sakakken ne ke ratsa bangon ƙananan jijiyoyi ya isa wurin aiki, shi ne kuma matatar ƙoda ke iya tacewa, domin albumin ya yi wa ƙofofinta girma. Ɗaurin kuwa ba na dindindin ba ne. Da zarar sakakken ya ragu, sai furotin ya saki wani ya maye gurbinsa, tamkar dai hatsin rumbu da ake ɗiba kaɗan-kaɗan.

Abubuwa uku masana ke dubawa game da zaman magani a jiki. Akwai bazuwa, wato yadda yake barin jini ya shiga tsoka da kitse da sauran sassa. Akwai fitarwa, wato yawan ruwan jinin da ƙoda da hanta ke raba shi da magani a cikin minti ɗaya. Sai kuma rabin wa'adi, wato lokacin da adadin magani a jini ke ɗauka kafin ya ragu da rabi. Na ukun daga biyun farko yake fitowa: in bazuwa ta yi yawa rabin wa'adi yakan tsawaita, in fitarwa ta yi ƙarfi yakan gajarta.

Suramin, maganin ciwon barci da kamfanin Bayer ya haɗa a Jamus a 1916, misali ne na ɗauri mai tsanani. Fiye da kashi 99 cikin 100 nasa a ɗaure yake, ɗan abin da ƙoda ke samu ta tace bai taka kara ya karya ba, shi ya sa rabin wa'adinsa ke kaiwa kimanin kwana 50. Daga irin wannan ne wasu ke zaton duk maganin da ya manne da furotin dole ya daɗe. Zaton bai tsaya da ƙafafunsa ba. Wajen kashi 60 na penisilin a ɗaure yake, amma rabin wa'adinsa bai wuce rabin sa'a ba, domin ban da tacewa, ƙwayoyin bututun ƙoda suna zuƙo shi daga jini da kansu, furotin kuma yana ta sakinsa nan take. Kulorokwin kuwa, wanda aka daɗe ana sha don zazzaɓin cizon sauro kafin ƙwayar cutar ta daina jin sa, kusan rabinsa kawai ke mannewa a ruwan jini. Amma hanta da saifa da sauran sassa sukan riƙe shi ƙam, ya ɓuya wa masu fitar da shi, har rabin wa'adinsa ya kai wata ɗaya ko biyu. Ashe ɗauri a cikin jini yana tsare magani a jijiyoyi ya rage bazuwarsa, ɗauri a cikin tsoka kuwa yana faɗaɗa ta.

Inda al'amarin ya fi shafar marar lafiya shi ne wajen awon jini, domin awon da aka saba yi yakan haɗa ɗaurarre da sakakke ne a lamba guda. Fenitoyin, maganin farfaɗiya, kusan kashi 90 nasa a ɗaure yake. Idan albumin ya yi ƙaranci, kamar ga mai ciwon hanta ko na ƙoda, ko yaron da tamowa ta kumbura, sai jimillar ta faɗi alhali sakakken yana nan yadda ake bukata. Likitan da ya dogara da jimilla ya ƙara adadin magani, to, ya jefa majinyacin cikin jiri da tangaɗi. Kwinin akasin haka yake. Yana mannewa da wani furotin ne dabam, wanda hanta ke yawaita yinsa lokacin da cuta ta kama jiki. Saboda haka a zazzaɓi mai tsanani jimillar kwinin takan hau sosai ba tare da gubarsa ta ƙaru daidai da hawan ba.

Saura batun magani ya ture ɗan'uwansa daga kan albumin. A lissafi abin yana da ban tsoro: warfarin, mai hana jini gudajewa, kashi 99 nasa a ɗaure yake, in ya sauka zuwa 98 sakakken ya ninka ke nan. Sai dai tsofaffin littattafai sun zuzuta wannan, domin hanta takan kwashe rarar ba da daɗewa ba, yawancin haɗarin da aka gani kuwa daga maganin da ya hana hanta narkar da warfarin ya fito. Ga jarirai ne turewar ta tabbata da muni. A 1956, a birnin New York na Amurka, aka ba da rahoton cewa bakwainin da aka ba salfisokzazol sun fi sauran mutuwa da lalacewar ƙwaƙwalwa. Daga baya aka gane cewa maganin yana ture bilirubin, wato sinadarin da ke kawo shawara, daga kan albumin, shi kuma sai ya shige ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa har yau ake kauce wa ba jariri mai shawara magungunan salfa da seftiriyakzon.