Koɗewar Launi a Bugun Bana: Inda Matsalar Take da Yadda Ake Gano Ta

Bana, wato faffaɗan ƙyallen robar nan da ake buga hoto da rubutu a kansa, ta zama ruwan dare a birnin Katsina. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro, a titin IBB da titin Yahaya Madaki, da wuya a yi tafiyar minti biyu ba a ga tallar makaranta, ko sanarwar walimar saukar Alƙur'ani, ko gaisuwar Sallah daga wani ɗan siyasa ba. Ana buga su da manyan injina masu faɗin ƙafa 6 ko ƙafa 10, ana kuma lissafin kuɗin aiki da ƙafa murabba'i. Koken da masu wannan sana'a suka fi ji daga bakin masu kawo aiki shi ne kala ba ta fito ba: ja ya koma ruwan hoda, baƙi ya yi toka-toka, fuskar mai hoto ta yi fari fat.

Koɗewar iri biyu ce. Akwai banar da ke fitowa daga inji a koɗe, akwai kuma wadda ke fitowa shar, sai ta dusashe bayan an kafa ta a rana. Kowacce da musabbabinta, kuma wanda bai bambance su ba yakan kashe kuɗi a inda babu cuta. Ƙa'idar masu gyara ita ce a fara bincike daga abin da ba ya cin kuɗi, a bar kan injin da ke fesa tawada, wanda shi ne mafi tsada, ya zama na ƙarshe.

Daga kwamfuta ake farawa

Fuskar kwamfuta da ta waya suna haɗa launi ne da haske uku: ja, kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki: sayan mai shuɗi-shuɗi, majenta mai kama da ruwan zoɓo, rawaya da baƙi, wato CMYK. Launukan da haske ke iya nunawa sun fi waɗanda tawada ke iya fitarwa yawa, shi ya sa kore mai walƙiya ko shuɗi mai ƙyalli da aka gani a waya ba ya fitowa haka a kan roba. Mai zane da ke aiki da CorelDraw ko Photoshop ya kamata ya duba aikinsa a tsarin CMYK kafin ya tura. Baƙin da za a cika babban fili da shi kuma, idan tawadar baƙi kaɗai aka sa, yakan fito kamar toka. Sai an ƙara masa kaso na sauran launuka ukun yake yin duhu sosai.

Hoton da aka kawo ma yana da nasa laifin. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi ta hanyar da aka saba, kuma hoton da aka matse, aka ja shi ya cika ƙafa goma, dole ya yi dishi-dishi. Mafita ita ce a turo shi a matsayin fayil, ko a kawo shi a filas.

Tsakanin zane da inji akwai manhajar da ke fassara hoto zuwa ɗigon tawada, irin su Maintop da Photoprint. A cikinta ake zaɓar furofayil ɗin launi, wanda ke faɗa wa inji yawan tawadar da zai zuba ga kowane launi, gwargwadon irin tawadar da irin robar. Ƙungiyar ICC, wadda aka kafa a 1993, ita ta shimfiɗa ƙa'idar wannan tsari. Idan aka sauya kamfanin tawada aka bar tsohon furofayil, ko aka buga bana da furofayil ɗin sitika, launi zai kauce. A nan ne kuma ake zaɓar yawan zagayen da kan injin zai yi a kan kowane sashe. Zagaye 2 ko 3 yana da sauri, ga tsimin tawada, amma launi ba ya cika. Zagaye 4 ko 6 ya fi fitar da shi. Lokacin kamfe, kamar yadda aka gani gabanin zaɓen 2023, aiki kan yi wa shaguna yawa, sai a rage zagaye don a cika alkawari, kuma nan take bambancin ke bayyana.

Gwajin ramukan kai

Idan saitin kwamfuta daidai yake, sai a koma kan inji. Kan injin yana fesa tawada ta wasu ramuka da ido ba ya iya gani ɗaya-ɗaya. Kan Epson DX5 yana da 1,440, XP600 yana da 1,080, i3200 kuma yana da 3,200. Kowane inji yana iya buga ɗan zanen gwaji da ke nuna layin kowane rami. Wannan gwaji ba ya cin minti biyu, kuma ya kamata ya zama aikin farko na kowace safiya.

Karanta gwajin yana da sauƙi. Idan giɓin layukan yana wuri ɗaya kullum, ramukan sun toshe da busasshiyar tawada, sai a wanke da ruwan wankin da ya dace da tawadar. Idan giɓin yana yawo, yau nan gobe can, to iska ce ta shiga bututu. Launin da ya ragu kuma yana tona kansa a jikin aiki: ƙarancin majenta yana mayar da ja ruwan lemo, fuska ta yi kore-kore; ƙarancin sayan yana mayar da kore rawaya-rawaya.

Wata alamar ita ce aiki ya fara da kyau, bayan mita ɗaya ko biyu launi ya soma raguwa. Wannan yunwar tawada ce: kai yana fesawa fiye da yadda tawada ke iso masa. Akan samu laifin a damfa, ƙaramar jakar da ke tace tawada a saman kai, ko a matatar bututu, ko tawadar ta yi ƙasa a tanki. Haka nan murfin robar da kai ke kwana a kansa, idan ya tsage ko ya cika da datti, famfo ba zai iya zuƙo tawada ba, kai kuma zai bushe cikin dare. Damfa da murfi da waifa, wato robar da ke goge fuskar kai, kayan canji ne masu araha, kuma su ke jawo yawancin matsalolin da ake ɗora wa kai. Sai an tabbatar da lafiyarsu, an duba tazarar kai da roba da ƙarfin wutar da ke shiga kan, sannan ake yanke hukuncin cewa kai ya tsufa.

Tawada, roba da hita

Tawadar bana tana ɗauke da sinadarin da ke ɗan narkar da fuskar roba don ƙwayoyin launi su kama. Idan ta daɗe a ajiye, musamman a ɗaki mai zafi, ƙwayoyin sukan kwanta a gindin jarka, don haka duba ranar ƙarewarta wajibi ne. Haɗa tawadar kamfanoni biyu a tanki ɗaya yana iya sa ta yi gudaji, kuma sirka ta da ruwan wanki don ta yi auki asara ce a fili: launi ya koɗe, mai kawo aiki ya gudu.

Roba ma iri-iri ce, ana auna ta da nauyin giram a kowace mita murabba'i, daga mai sauƙi kamar 280 zuwa mai kauri kamar 440 ko 510. Mai arha takan zo da fari mai duhu-duhu, kuma tun da inji ba ya buga fari, farin robar shi ne hasken hoton gaba ɗaya. Robar akwatin da ake kunna wa fitila ta baya kuwa tana buƙatar tawada kusan ninki biyu, in ba haka ba da dare hoton zai wanke. Hitar inji, wadda akan saita tsakanin digiri 35 zuwa 45, tana taimaka wa tawada ta zauna. Idan ta yi sanyi tawada takan malale, idan ta yi zafi fiye da kima takan busar da ramukan kai.

Yanayin Katsina

Masu ƙera waɗannan injina suna son ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 30 da danshi matsakaici. Katsina ba ta cika ba da wannan ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kawo ƙura da bushewar iska. Ƙura tana manne wa waifa da kai, bushewar kuma tana tara wa roba irin wutar nan da ke tartsatsi a jikin tufafi, wadda ke karkatar da ɗigon tawada ya zama hazo a gefen rubutu. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, tawada ta tsinke, ramuka su riƙa bushewa da wuri. Ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya iska, da goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, da rufe inji bayan aiki, suna rage wannan ƙwarai. Dole kuma a bar wa warin tawadar hanyar fita, domin shaƙarsa yana cutar da ma'aikata.

Wuta ma tana da hannu. Sauyawa tsakanin wutar KEDCO da janareta, ko ɗaukewarta ana tsakiyar bugu, yana barin kai a buɗe ya bushe, yana kuma iya ƙona allon inji. Sitabilaiza da UPS da wayar ƙasa mai kyau suna cikin kayan aiki na dole.

Koɗewa bayan an kafa

Banar da ta fito lafiya ta dusashe daga baya, rana ce ta ci ta. Rawaya da majenta sukan riga sauran tafiya, shi ya sa tsofaffin banonin bakin titi ke komawa shuɗi-shuɗi. Kamfanonin tawada masu inganci sukan yi alkawarin shekara 2 zuwa 3 a waje, amma ranar Katsina da iska mai yashi suna rage wannan wa'adi, tawada mai arha kuma ba ta kaiwa ko kusa. Aikin taron kwana ɗaya ba ya buƙatar tsada. Allon shago ko na makaranta da zai shekara a waje kuwa yana buƙatar roba mai kauri, tawada mai kyau, zagaye mai yawa, da inuwa idan ta samu. Mai shago da ya bayyana wa mai kawo aiki wannan bambanci tun kafin a yi ciniki, ya kuma buga masa ɗan yanki ya gani kafin a saki dukan aikin, ya kare kansa daga asarar roba da tawada, ya kuma kare amanar da ke tsakaninsu.