TASHAR LAMBA 17: ƘARAMIN GIDAN TALABIJIN DA YA HAIFI CNN

Takardarmu ta wannan mako daga wani mai sayar da hatsi ta fito, daga kasuwar Dawanau. Ya ce sun yi gardama a rumfa, wani ya ce gidan talabijin ɗin nan na CNN gwamnatin Amurka ce ta kafa shi, shi kuwa bai yarda ba. To malam, kai ka ci gardama. CNN ba ta gwamnati ba ce, ɗan kasuwa ne ya kafa ta. Asalinta kuwa wata 'yar ƙaramar tasha ce a birnin Atlanta, cikin jihar Jojiya, wadda aka kusa rufewa saboda asara.

An buɗe tashar ran 1 ga Satumba, 1967, da sunan WJRJ, a kan lamba 17. A Amurka ta lokacin manyan kamfanonin talabijin uku ne, ABC da CBS da NBC, kowanne da tashar da ke wakiltarsa a kowane babban birni, yana aiko mata da shirye-shirye. Tashar da ba ta jingina da ko ɗaya ba, ita ake ce wa mai zaman kanta. Sunan da daɗin ji, amma ma'anarsa ba ta da ubangida. Duk abin da za ta nuna, da kuɗinta za ta saya, sa'an nan ta bi 'yan kasuwa neman talla don ta mai da kuɗin. Ga kuma wata matsala: lamba 17 tana kan zangon da ake kira UHF, wanda tsofaffin akwatuna da yawa ba sa kamawa, sababbin ma sai da eriya ta musamman. Kamar dai a ba ka rumfa can bayan kasuwa, inda ba mai wucewa.

A 1970 Ted Turner ya karɓi tashar, ya sauya mata suna zuwa WTCG. Shi wannan mutum ba ɗan jarida ba ne. Sana'ar gidansu allunan talla na bakin titi, ya gaje ta a 1963 bayan rasuwar mahaifinsa, yana ɗan shekara 24. Allunan nan sun yi masa rana, domin duk wanda bai samu mai haya ba, sai ya manna tallan tasharsa a kai, kyauta.

To me zai nuna? Ba shi da kuɗin shirya sababbin wasanni. Saboda haka ya yi abin da masu gwanjo ke yi, ya bi kayan da manya suka gama yayi da su yana saye da araha: tsofaffin finafinai, tsofaffin wasannin barkwanci, majigin yara, da kokawa. Sa'ad da manyan tashoshi ke karanta labarun yamma, shi sai ya sa abin dariya, ya kwashe waɗanda labaru suka gundura. Daga 1973 ya fara nuna wasannin ƙungiyar Braves ta Atlanta, masu wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da gora. Ƙungiyar ba ta cika cin wasa ba, amma tana buga wasa fiye da 160 a shekara, kowanne kuwa yana cike awoyi. A 1976 ya sayi ƙungiyar ɗungurungum, don kada wani ya saye ta ya kai ta wani gari, a bar shi da allo ba kaya.

Wani abin ban dariya. Doka ta ce lalle tasha ta riƙa ba da labaru, sai aka kai su can tsakar dare, kusan asuba. Mai karantawa, Bill Tush, ya mai da abin wasa, har kare ya taɓa zaunarwa kusa da shi a matsayin abokin karatu. Mu ma'aikatan rediyo in muka tuna cewa daga gidan nan CNN ta fito, sai dai mu riƙe baki.

Inda al'amari ya juya shi ne wajen isar da hoto. Tasha irin wannan, iyakacinta birninta da ƙauyukan kewaye. Amma a ƙananan garuruwan Amurka akwai kamfanonin da ke ja wa mutane waya har gida, suna kawo musu tashoshi, ana biyansu duk wata. Waɗannan kamfanoni suna da waya, ba su da isasshen abin sa wa a cikinta. Turner kuwa yana da kaya, ba shi da masu kallo. A 1975 ya ga kamfanin HBO ya fara aika shirye-shiryensa ta tauraron ɗan Adam, sai ya ce me zai hana shi. Ran 17 ga Disamba, 1976, aka ɗora tashar lamba 17 a kan tauraron Satcom 1, kamfanonin waya huɗu suka karɓa, a jihohin Nebraska da Kansas da Alabama da Bajiniya. Kafin 'yan shekaru manomi a lungun ƙasar yana kallon tashar Atlanta a ɗakinsa. A 1979 aka sake mata suna WTBS.

Kada mai tambaya ya ɗauka kuɗi ya zubo nan take. Manyan kamfanoni sun daɗe ba su yarda su biya talla a kan waɗannan masu kallo na nesa ba. Tashar ta jima tana rayuwa da tallan ƙananan kaya, irin wuƙaƙe da fayafayan waƙa, waɗanda mutum zai aiko da kuɗi ta gidan waya a aika masa. Daga hatimin da ke jikin ambulan ake gane garuruwan da ake kallonta.

Da ƙafa ta tsaya, Turner ya sayar da wata ƙaramar tasharsa ta birnin Charlotte a kan dala miliyan 20, ya zuba a sabon aiki. Ran 1 ga Yuni, 1980, CNN ta fara watsa labaru dare da rana daga Atlanta. Manya sun yi ta yi mata dariya, shekarunta na farko kuwa asara ta yi, ribar tashar lamba 17 ce ta riƙe ta. Sai a 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, da wakilanta suka riƙa ba da labari daga Bagadaza bama-bamai na sauka, duniya ta san da ita sosai.

Ita kuwa uwar, a 1996 kamfanin Turner ya haɗe da Time Warner, ta shiga hannun manyan da ta taso tana gogayya da su. A 2007 aka raba ta biyu: TBS ta ci gaba da zagaya ƙasa ta waya da tauraro, lamba 17 kuma aka mai da ita tashar mutanen Atlanta, da sunan Peachtree TV.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A gaishe mana da mutanen rumfa.