Yadda Harafi Ke Ba Da Tsoro

Ɗauki jaridar da ke kusa da kai ka duba. Haruffan cikin labari tsayinsu ɗaya, sun zauna daram a kan layi, har ba ka lura da su. Haka aka so: ka karanta ka wuce. Kanun labari da rubutun fasta kuwa so ake su tsayar da kai, shi ya sa ake ware musu haruffa na daban. A cikinsu akwai waɗanda ake zanawa da hannu don kawai tsikar jikinka ta tashi.

Yaya harafi zai tsorata mutum? Ka tuna mai tatsuniya idan ta iso wurin Dodo. Hausar da take yi ba ta sauya ba, murya ce ta yi kauri tana rawa, sai ka ga yara sun matsa jikin juna. To, siffar harafi ita ce muryarsa. Idonka ya saba da daidaito, mai zane sai ya ɓata shi da gangan: wannan harafi ya karkace, wancan ya zarce 'yan uwansa, bakin wani ya yi tsini, wani yana ɗiga kamar jini bai bushe ba. Kafin ka karanta kalmar, jikinka ya riga ya ba ka cewa ba lafiya.

Dabarar ta daɗe. Fim ɗin Jamus na 1920, The Cabinet of Dr. Caligari, da karkatattun haruffa masu tsini aka rubuta bayanansa, daidai da karkatattun gidajen da ke cikinsa. Littattafan yara na Goosebumps, da suka fara fitowa a Amurka a 1992, sunansu narkewa yake yi a bango. A can, kasuwar irin wannan rubutu takan buɗe gab da bikin Halowin na 31 ga Oktoba.

Ga inda hannu ya fi inji. Idan ka rubuta "dodo" da alƙalami, "o" biyun ba za su zo iri ɗaya ba. Kwamfuta kuwa maimaita guda take yi, ido ya gane, tsoron ya gudu. Don haka gwanaye kan zana harafi ɗaya siffa biyu ko uku, tsarin haruffan kwamfuta na OpenType ya riƙa musanya su.

Wajen aiki, ka tsaya a kan take, kalma biyu ko uku, manya. Mai tatsuniyar da ta yi muryar Dodo daga farko har ƙarshe dariya za ta ba yara. Kwanan wata, wuri da farashi ka sa su da haruffa na yau da kullum. Kuma kafin ka zaɓi haruffan kwamfuta irin su Creepster ko Chiller don aikin Hausa, ka fara buga ɓ, ɗ da ƙ ka gani. Da yawa daga cikin irin waɗannan haruffa ba su da masu ƙugiya, sai kwamfuta ta aro wani lafiyayye ta cusa a farkon "ƙwarangwal". Idan haka ta faru, ka zana ƙugiyar da hannunka.