Imel ɗinka ya cika maƙil? Ƙila saƙon da kake jira ya zo ya koma

Duba lambar nan da ke maƙale a jikin alamar Gmail a wayarka. Dubu nawa ta kai? Da yawanmu mun daina ma ganinta.

Yawan saƙonnin ba shi ne babbar matsalar ba, wurin ajiya ne. Google na bai wa kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a rumbu ɗaya suke zuba kaya. Tun 1 ga Yunin 2021 hotunan da kake ɗorawa ke shiga lissafi, a 2024 kuma ajiyar WhatsApp ta masu Android ta bi sahu. Wato bidiyon bikin ƙawarki na Unguwar Rimi da muryoyin guruf ɗin 'yan ajinku sun isa su toshe akwatin. In ya cika ba ka iya aika saƙo, wanda aka aiko maka kuma komawa yake yi wurin mai shi. Kai kana Kawo kana ta cewa shiru, har wa'adin intabiyu ya wuce. Ga ɗalibin KASU ko Kadpoly mai jiran saƙon NELFUND ko NYSC, wannan ba abin wasa ba ne.

Kar ka tsaya gogewa ɗaya-ɗaya, sai ka tsufa a kai. Fara da manya. A wurin bincike rubuta larger:10M, duk saƙon da ya haura megabait 10 zai fito. Sauke abin da kake buƙata, ka share sauran. Sai category:promotions older_than:1y, tallace-tallacen da suka shekara ke nan, kuma wallahi ba abin da za ka yi kewa a ciki. A kwamfuta ya fi sauƙi, don tana ba ka damar zaɓar dukkansu lokaci guda. Daga nan ka zubar da kwandon shara da hannunka, in ba haka ba sai sun yi kwana 30 suna cin wuri.

Saƙonnin shaidar biyan kuɗin makaranta da na JAMB kuwa, kar ka taɓa su. Yi musu lakabi, ka adana.

Akwai kuma tsohon imel ɗin da mai kafe ya buɗe maka lokacin rajistar JAMB. Tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Nemo kalmar sirrinsa yau, ka shiga, ka tabbatar lambar wayar da ke ciki taka ce, ba ta mai kafen ba.